YOGA A BAKIN TEKU: HUTU NE KO GAISUWAR RANA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci rana Ya sanya ta fitila ga talikai, Ya shimfiɗa teku Ya hore ta ga bayinSa, bai kuwa yarda a durƙusa wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a kwanakin Babbar Sallar da ta gabata wani matashi ɗan garinmu Manga, a ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, wanda yake aiki a Abuja, ya zo gida yin Salla. Yaro ne mai ladabi, a Islamiyyarmu ya tashi, ba mu kuma taɓa saninsa da wasa da salla ba. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar masallaci sai ya durƙusa ya gaishe mu, ya miƙo wayarsa ya ce, "Malam, don Allah ku duba mini wannan. Abokan aikina ne suka haɗa kuɗi za mu je hutun mako guda a Zanzibar. Ko akwai laifi?"

Muka karɓa muka duba. Ga abin da tallar ta ƙunsa: kowace safiya, daidai fitowar rana, za a hallara a kan rairayin bakin teku domin yin yoga. Da hantsi a shiga jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska a zaga tsibirai. Da yamma a ziyarci tsohon birni da wuraren tarihi. Daidai faɗuwar rana kuma a sake zama a harɗe, a rufe ido, wai domin neman natsuwar zuciya. Hotunan da ke jikin tallar na maza da mata ne a cakuɗe, cikin suturar da alƙalami ke jin kunyar siffantawa. Muka bi jadawalin daga sama har ƙasa, ba mu ga inda aka ware wa salla ko da minti biyar ba.

Mun ba shi amsa gwargwadon abin da Allah Ya sawwaƙe, ya kuwa saurara, Allah Ya yi masa albarka. Abin da ya sa muka ɗauko alƙalami shi ne, shi ya tambaya, amma nawa ne za su biya kuɗin su tafi ba tare da sun tambayi kowa ba? Har ma mun fara jin wasu 'yan bokonmu suna cewa me zai hana a shirya irin wannan hutu a nan gida, a haɗa bikin Uhola na Zuru da Rigata ta Yawuri da kamun kifi na Argungu, a sa yoga a ciki domin jawo baƙi masu dala. Tun da maganar ta kai haka, wajibi ne mu yi bayani, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

MENE NE YOGA?

Kalmar yoga daga harshen Sanskrit ta fito, harshen da aka rubuta littattafan addinin Hindu da shi a ƙasar Indiya. Asalin ma'anarta ɗaurewa ko haɗawa, irin yadda manominmu ke haɗa shanun huɗa biyu da karkiya. Me ake ɗaurewa da me? A fahimtar da ta fi yaɗuwa tsakanin malamansu, ran mutum ake so a haɗe da abin da suke ɗauka shi ne hakikar komai, har bambanci tsakanin bawa da abin bauta ya gushe. Wannan kuwa kishiyar tauhidi ce tsantsa, domin a Musulunci Ubangiji Ubangiji ne, bawa bawa ne, har abada.

Babban littafin da suke komawa gare shi, Yoga Sutra na wani malaminsu mai suna Patanjali, ya kasa tafarkin zuwa matakai 8. Lanƙwasa jiki da miƙe gaɓɓai, wanda shi ake nuna mana a talla, mataki na uku ne kawai. Bayansa akwai sarrafa numfashi, da janye gaɓɓan ji daga duniya, da tattara hankali, har a kai ga mataki na ƙarshe da suke kira samadhi, wato narkewar mutum cikin abin da yake halarto wa zuciyarsa. Ashe wanda aka ce masa motsa jiki ne kawai, ƙofar gida aka nuna masa, aka ɓoye masa abin da ke cikin ɗaka.

Ba kuma da kanta ta yaɗu ba. Tun 1893, lokacin da wani malamin Hindu mai suna Vivekananda ya yi jawabi a taron addinai na birnin Chicago a Amurka, ake tallata wannan tafarki ga Turawa. A watan Satumban 2014 Firayim Ministan Indiya Narendra Modi ya nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa yoga rana, a watan Disamba na shekarar Majalisar ta amince da 21 ga Yuni, aka kuma fara bikin a 2015. Sannan su kansu masu abin ba su yarda a raba shi da addininsu ba. A wajajen 2010 wata ƙungiyarsu a Amurka mai suna Hindu American Foundation ta yi gangami tana ƙorafin cewa Turawa sun ɗauki yoga suna ɓoye asalinta na Hindu. Mai kaya ya ce kayansa na ibada ne, kai ɗan Manga ka ce a'a, ka fi shi sanin kayansa?

GAISUWAR RANA

Daga cikin abin da aka fi yi a irin waɗannan tarurruka na safiya akwai jerin motsi 12 da ake kira Surya Namaskar. Surya shi ne sunan abin bautarsu na rana, namaskar kuwa gaisuwar girmamawa ce. Mutum zai fuskanci gabas, ya haɗa tafukan hannuwansa a ƙirji, ya ɗaga su sama, ya sunkuya, har ya kai ga kifuwa ƙasa da gaɓɓai takwas. Masu cika al'adar suna haɗawa da ambaton sunayen rana, da furta "Om", wadda take kalma ce mai tsarki a addininsu. Ko a Indiya, a 2015 ƙungiyoyin Musulmi sun ƙi amincewa da wannan gaisuwa, har gwamnati ta cire ta daga shirin bikin ranar yoga na farko. Musulmin da ke zaune tare da masu abin sun gane, sai mu da muke nesa za a ruɗa?

Allah (S.W.T.) Ya hana sujada ga rana da wata ƙarara a aya ta 37 ta Suratu Fussilat, Ya yi umarni da a yi ta ga wanda Ya halicce su. A Suratun Namli kuwa, abin da ya tayar da hankalin Alhudahuda har ya kawo wa Annabi Sulaimana (A.S.) rahoto shi ne ganin sarauniyar Saba'i da mutanenta suna yi wa rana sujada. Tsuntsu ya yi kishin tauhidi, ina kishinmu?

Ga kuma abin da ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tunani a kai. A cikin Sahihu Muslim, a hadisin Amru ɗan Abasa (R.A.), Manzon Allah (S.A.W.) ya hana yin salla daidai lokacin fitowar rana har sai ta ɗaga, da kuma daidai lokacin faɗuwarta, ya bayyana dalili da cewa a wannan lokaci ne masu bautar rana ke yi mata sujada. Ka duba da kyau, ɗan'uwa. Mai sallar nan Allah yake nufi, alƙibla yake fuskanta, Fatiha yake karantawa, duk da haka aka ce ya dakata, domin kada ya yi kama da su ko da a lokaci ne kawai. To yaya hukuncin wanda ya dace da su a lokaci, ya dace da su a fuskanta, ya dace da su a siffar motsi, har sunan abin bai canza ba? Su kuwa masu shirya hutun nan, lokuta biyun da Shari'a ta hana salla a cikinsu su ne daidai waɗanda suka zaɓa.

SHUBUHOHINSU DA AMSARSU

Za su ce, ai ayyuka da niyya suke, mu lafiyar jiki muke nema. Muna cewa, hadisin da ya gabata ya riga ya amsa wannan. Kyakkyawar niyya tana gyara aikin da yake halal a asalinsa, amma ba ta wanke abin da aka hana. Da niyya kaɗai ta isa, da ba a hana mai salla sallarsa a wancan lokaci ba.

Za su ce, kuna haramta motsa jiki ke nan? Allah Ya kiyashe mu da haramta abin da Allah Ya halatta. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tsere da Uwar Muminai A'isha (R.A.), an ruwaito ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya kwaɗaitar da harbi da sukuwa, ya kuma fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni. Mun kuma san masu bincike sun nuna cewa da yawa daga motsin da ake koyarwa yau da sunan yoga sabbin shiga ne, an cakuɗa su da atisayen Turawa a farkon ƙarni na 20. Saboda haka wanda likita ya ce ya riƙa miƙe baya ko jan numfashi a hankali domin ciwon ƙugu ko hawan jini, ya yi abinsa a ɗakinsa, babu mai ce masa don me. Abin da muke yaƙa shi ne gaisuwar rana, da ambaton sunayen abin bautarsu, da zaman narkewa, da ɗaukar waɗannan a matsayin hanyar tsarkake rai. Irin wannan rarrabewa ce Majalisar Malaman Indunusiya ta yi a watan Janairun 2009, inda ta haramta wa Musulmi yoga mai ɗauke da ibadun Hindu, ta bar motsa jiki tsantsa. Kafin ita, a Nuwamban 2008, Majalisar Fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulminta yoga saboda wannan cakuɗuwa. Matsalar mai zuwa hutun Zanzibar ita ce ba shi ke da jadawalin ba. Ya riga ya biya, yana cikin sahu, mai koyarwa ta ce a fuskanci rana, abokan aiki suna kallo. Mutum nawa ne za su iya ficewa daga sahun?

Za su ce, ai ko Saudiyya ta amince da koyar da yoga a matsayin wasa tun 2017. Muna cewa, lasisin ma'aikatar gwamnati ba aya ba ce, ba hadisi ba ne. Ba mu taɓa ɗaukar aikin wata hukuma hujja a kan Littafi da Sunna ba, ko a ina take, ba kuwa yau za mu fara ba.

Za su ce, aiki ya yi mana yawa, zukatanmu sun gaji, natsuwa muke nema. Wannan gaskiya ne, ba ma raina gajiyar ma'aikacin da ke fama da cunkoson Abuja da tsadar haya. Sai dai Allah Ya riga Ya faɗa mana a Suratur Ra'adi inda natsuwar zukata take, wato a ambatonSa. Abin mamaki, wanda ya kasa tashi sallar asuba a masallacin da ke bayan gidansa, shi ne zai ƙetare ƙasashe da kuɗinsa domin wata baƙuwa ta tashe shi kafin fitowar rana. Zaman da Sunna ta koyar bayan asuba, ana zikiri har rana ta ɗaga sannan a yi raka'a biyu, kyauta ne, ba biza, ba tikiti.

TEKU BA TA DA LAIFI

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Shiga jirgin ruwa da kallon teku halal ne, Alƙur'ani ma ya lissafa jirage masu gudu a teku cikin ayoyin Allah. Sahabban farko teku suka ratsa zuwa Habasha. Ummu Haram 'yar Milhan (R.A.) ta roƙi Annabi (S.A.W.) ya yi mata addu'ar kasancewa cikin masu hawa teku saboda Allah, ta kuwa hau, ta rasu a tsibirin Kubrus a zamanin Halifa Usmanu (R.A.). Zanzibar kanta ƙasar Musulmi ce, da irin waɗannan jirage masu iska aka yi ɗaruruwan shekaru ana fatauci tsakaninta da ƙasashen Larabawa. Abin ƙi shi ne abin da aka loda wa jirgin: cakuɗuwar maza da mata ba muharrami, da tsiraici, da giyar da ba a rasa ta a irin waɗannan wurare, da tozarta salla. Su kansu mutanen Zanzibar abin ya ishe su, har a 2021 hukumominsu suka yi gargaɗin cin tarar baƙin da ke yawo cikin gari da suturar ninkaya. Musulmin can suna kukan abin da ake yi musu, kai kuma ka je ka ƙara yawan masu yi?

Sannan in ana maganar jirgin ruwa, mu mutanen Kebbi muna da abin tunawa. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da fasinjoji fiye da ɗari ya dare a kogin Kwara kusa da Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Talakawa ne masu neman abinci, ba 'yan shaƙatawa ba. Wanda Allah Ya hore wa kuɗin hawa jirgi domin nishaɗi, ya tuna akwai 'yan'uwansa da ke hawa domin dole, ba tare da ko rigar kariya ba.

TARIHI DA TSAFI

Saura ɓangare na uku na tallar, wato ziyarar wuraren tarihi da kayan gado. A nan ma Musulunci yana da ma'auni. An umarce mu da tafiya a bayan ƙasa domin mu ga ƙarshen waɗanda suka gabata mu wa'aztu. Amma da Annabi (S.A.W.) ya bi ta Hijir, mazaunin Samudawa, a hanyarsa ta zuwa Tabuka, rufe fuskarsa ya yi ya gaggauta tafiya, ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka. Haka nan a cikin Sunanu Abi Dawud, da wani mutum ya yi bakancen yanka raƙuma a wani wuri mai suna Buwana, sai da Annabi (S.A.W.) ya tambaya ko an taɓa bauta wa gunki a wurin, ko ana yin wani idin jahiliyya a can. Da aka ce a'a, sannan ya yi masa izini.

Da wannan ma'auni muke auna namu na gida. Wanda ya je gidan tarihin Kanta a Argungu domin ya san yadda daular Kabi ta kafu, ko ya je Gwandu ya ga inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, bai yi laifi ba, matuƙar bai roƙi mai kabari ba. Wanda ya kalli tseren kwalekwale ko gwanintar masunta, wasa ya kalla, in dai babu saɓo a ciki. Amma wurin da ake yanka domin wanin Allah, kamar wurin tsafin Girmace da ake lissafawa cikin wuraren yawon buɗe ido na Zuru, ko sashen bikin da ya ƙunshi roƙon iskoki da kakanni, sanya masa sunan al'ada ba ya canza hukuncinsa ga Musulmi. Abin lura, a taro guda ne a Adis Ababa, a ƙarshen 2016, hukumar UNESCO ta sanya yoga da bikin kamun kifi na Argungu cikin kundin al'adun gado na duniya. A wurinta duk al'ada ce, ba ruwanta da tambayar wa ake bauta wa. Mu kuwa wannan ita ce tambayar farko. Ita ce kuma tambayar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa mutanen zamaninsa a littafinsa Nurul Albab, inda ya yi inkarin masu iƙirarin Musulunci suna girmama itatuwa da duwatsu da yanka.

Muna so a ji mu da kyau a nan. Ƙasar Zuru ƙasa ce ta zaman tare. A gida ɗaya ana samun Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba mu kira kowa ya taɓa maƙwabcinsa ba, ba mu yarda a zagi abin bautar kowa ba, domin aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana mu. Haƙƙin maƙwabtaka da na zumunci suna nan daram, haka kuma baƙon Indiya da ke kasuwanci a ƙasarmu yana da amanarmu. Da Musulmi muke magana, game da goshinsa da inda zai ajiye shi.

INA ZA A KAI DUKIYAR?

Ko da a ce babu gaisuwar rana ko tsiraici, akwai tambayar da za a yi wa kowa ranar ƙiyama game da dukiyarsa, ina ya samo ta, ina kuma ya kashe ta. Duk wanda ke zaune a masarautar nan ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba, ya ga waɗanda suka baro gonakinsu suka rakuɓe a gidajen dangi a Zuru. A watan Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta garin Maga, aka kashe mataimakin shugabanta, aka tafi da ɗalibai 25. Kuɗin hutun mako guda a bakin teku zai ciyar da gidan marayu da dama daga shuka har girbi, ko ya rufa ajin Islamiyyar da damina ta yaye. Wace natsuwa ce mutum zai samo a kan rairayi alhali gwaggonsa tana kwana da yunwa?

KIRANMU

Muna kira ga matasanmu ma'aikata a birane da su yi koyi da ɗan'uwansu, su tambaya kafin su biya. Wanda yake son hutu ya huta, ya ɗauki iyalinsa su je inda za su tsare sallarsu da mutuncinsu, ko ya tara kuɗin ya yi Umara, ko ya zo gida ya sada zumunci. Wanda yake son ƙarfin jiki, ga gudu, ga ninkaya, ga kokawar da aka san mutanen Zuru da ita, ga gonar mahaifinsa tana jiran fartanya.

Muna kira ga iyaye da shugabannin makarantu, musamman masu zaman kansu, da su binciki abin da ake koya wa yara da sunan motsa jiki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna kira ga malamanmu da su karanci wannan al'amari kafin su hau mumbari, kada su haramta miƙe baya saboda jahilci, kada kuma su halatta gaisuwar rana saboda neman a ce sun waye. Muna kira ga masu faɗa a ji a jiharmu, in za a tallata Kebbi ga baƙi, a tallata ta da shinkafarta da kifinta da tarihin malamanta, a kuma fara da tsaron hanyoyinta da gyaran jiragen talakawanta.

Mun isar da abin da ke wuyanmu, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare mu ne da Shaiɗan, muna neman gafarar Ubangiji. Allah Ya tsare mana imaninmu da na zuriyarmu, Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba ta 'yan bindiga, Ya sa goshinmu kada ya taɓa ƙasa sai dominSa, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.